Gaisuwar da Ta Karya Mini Ƙafa

Zuwa ga Manajan kantin atamfa na hanyar tasha,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ne Ɗanladi na Tudun Wada, leburan da ya faɗo daga matakalar benenka da damina. A jarida na rubuto don a gaban jama'a aka ɓata mini suna.

Na farko, ga yadda abin ya faru. Babban akawunka ya kafa doka cewa duk leburan da ya gamu da kai sai ya rusuna har ƙasa. Ran nan ina saukowa daga sito da dilar atamfa a ka, kai kuma kana hawa. Na rusuna, dila ta rinjaye ni, babu abin dafawa, sai ga ni a ƙasa da karyayyar ƙafa. Da idonka ka gani.

Na biyu, ina kwance wajen mai ɗori aka aiko cewa an sallame ni, akawunka ya tsaya a ƙofar kanti ya ce wai burkutu na sha. Ni da nake kiran salla a masallacin unguwarmu! Karayar ba ta sa ni kuka ba, wannan maganar ce ta sa.

Sauran ka fi ni sani. 'Yan'uwana leburori ba su yi rigima ba. Duk sanda suka hango ka, sai su sauke kaya su tsuguna su yi ta gaisuwa, suna tambayar gida da gajiya, motoci na jira. Har Malam Bulus mai awon yadi ya bi sahu. Kafin sati ya zagayo an soke dokar, kafinta ya kafa katakon dafawa, an kuma ce in dawo aiki. Wallahi na ji daɗi, har na yi dariya haƙarƙarina ya amsa.

Saura abu ɗaya. Tun da maganar burkutun nan ta fita ban sake kiran salla ba. Ina roƙo akawunka ya tsaya a ƙofar kanti, inda ya faɗe ta, ya janye ta da bakinsa. Liman ya ce ranar da aka yi haka, kiran sallar azahar nawa ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da kasuwa, ya tsare ƙafarka a kan wannan matakala.

Wassalam.
Ɗanladi lebura, Tudun Wada, Zariya