Zaren Kaset a Gonar Shinkafa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar taka?

Ka tuna kwalin kaset-kaset ɗin marigayi Baba da ke ɗakin ajiyarka? Waƙoƙin masunta, na leburorin jirgin ƙasa, na mata masu niƙa, duk ƙasar da tuƙin babbar mota ya kai shi sai ya naɗo. Mai lamba arba'in da ɗaya muryar wata mawaƙiya ce da ba wanda ya taɓa ɗauka sai shi. Wata shida ina cigiyarta saboda shirinmu na rediyo, jiya Allah ya haɗa mu. Ta tsufa, ciwon maƙogwaro ya cinye muryar, jikokinta ma ba su yarda ta taɓa waƙa ba. Na yi mata alkawari za su ji da kunnensu. Don Allah ka ba direba kwalin ranar Asabar.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka ne don Inna ta koya mana gaisuwa, ba don raina ya so ba. Ina fatan kana lafiya.

Kwali ya iso, na buɗe na tarar da ɓawo zalla. Direba ne ya faɗa mini abin da bakinka ya kasa: wai ka zare zaren duka ka ɗaɗɗaura a gonar shinkafa, yana ƙyalli yana korar tsuntsaye. Haba Yaya. Leda ta ƙare ne a duniya? Kai da ko fito ba ka iya ba, ka rasa abin tsorata tsuntsu sai muryoyin bayin Allah da galibinsu suna ƙasa? Shekara talatin Baba yana tarawa, ka shanya su a damina ɗaya. Wallahi ka cuce ni.

A mai lamba arba'in da ɗaya ka bar ɗan guntu, bai kai gaba biyu ba. Na liƙa da salatif, na naɗe da biro, na tafi wurin mawaƙiyar da kunyata. Na tarar ta sa kayanta masu kyau, ta tara jikoki a tsakar gida. Na sa kaset ɗin a rediyo na kunna. Muryar Baba ta fito yana ce mata ta matso kusa. Ta yi gyaran murya, ta ja numfashi za ta fara. Nan zare ya ƙare.

Yaran suka kwashe da dariya. Ita kuwa sau bakwai ta sa na maimaita, tana nuna musu rediyon, tana dafa ƙirjinta.

Kada ka aiko mini da shinkafar bana, ba zan iya haɗiye ta ba.

Ka gaida Anti, ita ba ruwanta.

Auta