Saƙo Huɗu Bayan An Binne Ki

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki yadda kika koya mini gaisuwa, ko da yake na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Jibi za a yi addu'ar arba'in ɗinki. Kawu Isufu ya ce in mutane sun taru zan buɗe baki in ce na yafe miki, tunda ranar jana'iza da liman ya nemi kowa ya yafe ba na nan. Har yanzu bakina ya ƙi. Shi ya sa na shigo ɗakinki na zauna ina rubutu.

Me ya sa kika yi mini haka?

Shekara uku ina jami'a a Damagaram, kowace ranar kasuwa, in an kai wayar salula kasuwar Yekuwa an sa mata wuta, saƙon muryarki yana shigo mini. Labarin akuya, labarin rijiya, wa ya yi aure, wa ya haihu, sannan faɗa a ƙarshe: in riƙe salla, kada in ci abincin bakin titi, kada in hau kabu-kabu mai gudu. Da kika ji ciwo ya ci ƙarfinki, kika ga jarrabawar ƙarshe ta matso, sai kika sa ƙanwata Hajara ta riƙe miki salula, kika zauna kika ɗauki saƙonnin makonnin da ba za ki gani ba, kika ce ta riƙa sako mini ɗaya-ɗaya. Kika rasu, aka yi miki wanka, aka kai ki, aka yi sadakar uku da ta bakwai, ni ina can ina haddar darasi. Saƙo huɗu na samu daga gare ki kina cikin kabari, duk huɗun kuma na amsa. In na kira, Hajara ta ce babu rezo, murya ba ta fita sosai, ko kin tafi gona.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? A saƙo na biyu kika ce an yi ruwa mai kyau, an gama shuka. A na uku kika ce gero ya fito sarai, an shiga noman farko. Lissafin kowace shekara kika bi, ba ki san bana sama za ta riƙe ruwanta ba. Laminu, abokin ɗakina ɗan Guci, can kusa da ƙauyenmu, ya ce mini a wajenmu ko'ina roƙon ruwa ake yi, shuka ta ƙone. Na ce masa ƙarya yake yi. Na kunna masa muryarki a gaban mutane, na ce uwata ba ta taɓa yin ƙarya ba tun da aka haife ni. Har muka kusa ba hammata iska. Yanzu da wane ido zan dube shi?

To bari ni in ba ki labarin gida, na gaskiya. Shukar farko ta mutu, sai da aka sake. Jar akuyarki ta haihu, ɗa ɗaya, ba tagwaye ba kamar yadda kika faɗa mini. Ruwan rijiya ya yi ƙasa har an ƙara wa guga igiya. Ƙafar amalanke ta karye, tana nan jingine a bayan rumbu. Mata suna shigowa gaisuwa, kowace sai ta yaba dabararki, wai ke jaruma ce, wai kin yi wa ɗanki gata. Ni kuwa in sun fita sai in ji kamar in rufe ƙofar gidan. Duk ƙauyen nan sun sani, daga liman har mai shayi, ni kaɗai aka mayar wawa. Ranar da na sauko daga mota da jakata, ina ta raba wa mutane murmushi, kowa yana sunkuyar da kai.

Na ci jarrabawar, in shi kike son ji. Takarda ce, Inna. Wanda ya faɗi bana yana sakewa baɗi. Wa ya ce miki na fi son ta da in riƙe hannunki? Wa ya ba ki iznin zaɓar mini? Kin haife ni, kin yi mini komai tun rasuwar Baba, amma ɗaukar makararki haƙƙina ne, kin kuwa hana ni.

Ni ma ba wankakke ba ne, zan faɗa miki. Saƙonninki sukan kwana uku ban buɗe ba. In na buɗe sai in rage murya, don ina jin kunyar 'yan birni su ji uwata tana zancen kashin awaki da farashin wake. Kuma kin tuna hutuna na ƙarshe, da kika cusa mini ƙullin daddawa da ƙuli-ƙuli a jaka? Na fitar da daddawar na jefar a tsakar gida, na ce warinta yana sa a yi mini dariya, na ce kin dame ni da faɗa kamar ƙaramin yaro. Kika duƙa kika tsince ta. Na hau babur na tafi ban waiwaya ba. Tun daga ranar nake cewa in na dawo zan durƙusa in roƙe ki gafara. Kowane ɗa yana samun wannan zama a gefen tabarmar uwarsa kafin ta cika. Ni ban samu ba.

Na saurari saƙonnin nan huɗu har na haddace su, ina neman inda kika ce kin yafe mini. Babu. Sai na tsare Hajara a madafa na tambaye ta. Ta yi kuka ta ce kin faɗa. Ta ce a saƙo na ƙarshe, bayan zancen salla, kika ce kin yafe mini duniya da lahira. Da kika gama sai kika ce ta goge, wai yaron nan yana da kaifin kai, in ya ji wannan kalma zai gane, ya bar jarrabawa ya taho. Ta goge, kika sake ɗaukar wani, kika cika shi da zancen tsadar manja.

Abu ɗaya da nake buƙata daga bakinki ke nan, kin furta shi, kin sa an share. Hajara ta ji, bangon ɗakin nan ya ji, ni da aka yi dominsa sai dai a ba ni labari har in mutu.

Jibi zan tashi a gaban mutane in ce na yafe, don ba zan bari a ce ɗanki ya riƙe ki a kabari ba. Amma ke ba na ɓoye miki, ina fushi da ke, kuma ban san ranar da zai huce ba. Duk salla ina roƙa miki gafara da wannan fushin a ƙirjina.

Allah Ya ji ƙanki, Ya haskaka makwancinki. Sai mun haɗu, ki maimaita mini da bakinki.

Ɗanki na fari,
Mamman Sani