Wasan Da Na Zaɓa Wa Nazir

Treichville, Abidjan

Yaya Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Sadi da yara. Ya zafin Maradi? Baba da Inna suna lafiya. Na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Na san ki, sai ki buɗe murya duk gida su ji.

Kin tuna Nazir na ƙungiyarmu ta karatu, inda muke haɗuwa ran Lahadi muna karanta wasannin tsohon marubucin nan na Ingila da Faransanci? Wanda na yi ta cika miki kunne da shi? To, an kai masa goro gidan Alhaji Kailu mai atamfa a kasuwar Adjamé, 'yarsa Jamilatu zai aura. Ba daga bakinsa na ji ba. A jirgin ruwa na ji ina dawowa daga aiki, wasu mata suna hira a bayana. A jirgin nan kuwa ni da shi muka yi shekara da shekaru muna zama kujera ɗaya, littafi ɗaya. Da na tambaye shi, cewa ya yi ai bai taɓa turo kowa gidanmu ba, karatu ne kawai ya haɗa mu. Karatu, Yaya.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, kuma na gama. Bana layin zaɓen wasa ya zo kaina. Dokarmu ita ce wanda ya zaɓi wasa shi ke raba wa kowa abin da zai karanta. Kuma bana a taron jama'armu na bayan Babbar Sallah za a yi, gaban manya, da Hausa. Ki taya ni addu'a, kada ki tambaye ni ta me.

Ƙanwarki,
Nuriyya

Treichville, Abidjan

Yaya Hajara,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Nasiharki ta iso, na karanta, na gode, na ajiye.

An yi zaman zaɓe. Wasannin mutumin nan iri biyu ne: akwai waɗanda ake ƙarewa da gawa, akwai waɗanda ake ƙarewa da biki. Kowa na gawa yake so, musamman Nazir, don ya samu sarkin da zai yi dogon jawabi kafin ya mutu. Ni ma su na fi so, kin sani. Amma na zaɓi na soyayya, wanda saurayi ke rantse wa budurwa cewa ban da ita babu wata mace a duniya. Na ba Nazir saurayin, na ba kaina budurwar. Laila ƙawata ta kalle ni, ta kau da kai.

Shi ko har da godiya, wai na nuna ni babba ce, ban riƙe shi a zuciya ba. Tun daga makarantar sakandare ta lise ake tafa masa, ya saba. A ganinsa wasa wasa ne, kowa ya san ba gaske ba ne. Ya manta Alhaji Kailu bai taɓa zama ya kalli irin wannan ba, kuma a wurin dattawanmu abin da namiji ya faɗa da bakinsa gaban mutane ya faɗu. Ya manta cewa suruki ko kallon ido ba a yi masa, balle a tsaya gabansa ana zancen so. Ni ban tuna masa ba. Da ƙafarsa ya je rumfar Alhaji ya gayyace shi, ya ce a ajiye masa kujerar gaba.

Ni nake juya wasan zuwa Hausa, kuma ban sassauta ko kalma ɗaya ba. Za ki ce Jamilatu ba ta yi min komai ba. Gaskiya ne, na sani, kuma hakan bai hana ni barci ba.

Taki,
Nuriyya

Treichville, Abidjan

Yaya Hajara,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ya jikin Sakinatu, haƙoran sun fito?

An yi. Zauren ya cika, Alhaji Kailu a gaba da carbinsa, Baba a gefensa. Nazir ya karanta kamar bai taɓa karatu ba don daɗi, har ya ajiye takardar ya durƙusa gabana ya ci gaba da ka. Ya rantse da rana, ya rantse da ransa, ya ce in ba ni ba sai kabari. 'Yan ƙungiya suka fara tafi, sai suka ga ba wanda ya taya su. Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya nemi takalminsa ya fita, mutanensa suka bi shi. Nazir yana durƙushe har lokacin, yana jira in karanta nawa. Na karanta masa har ƙarshe, a hankali.

Washegari aka ga mai kurar dako ya turo huhun goron da aka kai, daga Adjamé zuwa gidansu Nazir. Nazir ya je ba da haƙuri, ya yi ta bayanin cewa maganar wani Bature ce da ya mutu tuntuni. Alhaji ya aiko masa cewa shi bai ga Bature a wurin ba.

Ga abin da ban zata ba. Kawunnan Nazir sun zauna, suka ce tunda yaro ya furta gaban jama'a, mutunci shi ne a nema masa ni. Jiya suka zo da goron nan dai, ko ɗaurinsa ba su sake ba. Baba ya kira ni ɗaki, ya ce ba zai amsa ba sai ya ji daga gare ni. Yaya, abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ke nan, ga shi a tsakar gidanmu. Ta taga na hango Nazir a waje ya sunkuyar da kai.

Na ce wa Baba a kira mai kura ya mayar musu da goronsu.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Nuriyya