Izinin Sayar da Shanun Suna

Gwarzo, 14 ga Maris, 2002

Zuwa ga 'yata Zinnira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a can Yola, ke da maigidanki Malam Ja'afaru da yara. Mu nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ya sa nake salla a zaune. Gidan kuwa, tun rasuwar mahaifiyarki, ya yi mini girma. Allah Ya jiƙan Gwamma.

Na karanta takardarki a tsanake. Kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a wuri biyu: jami'ar Zariya, wadda sai an biya, da sabuwar makarantar wata gidauniya, wadda ke koyarwa kyauta. Kin zaɓi ta biyun, wai saboda tsadar rayuwa da fanshona da ba ya zuwa a kan kari. Ban yanke hukunci daga zaune ba. Na je Kano na tambayi waɗanda aikinsu ke nan, suka tabbatar mini hukumar jami'o'i ba ta amince da makarantar ba tukuna. Na yi aikin sufeton makarantu har na yi ritaya, na ga malamai masu ƙwazo da aka ture takardunsu gefe ranar ƙarin girma, ba don ba su yi karatu ba, sai don inda suka yi shi. Ba girman sunan Zariya nake bi ba, amincewar hukuma nake bi.

Amma na san ba fanshona ne ainihin dalilinki ba. Ƙanenki Muzammil ya gaya mini kin ce gara ki haƙura da Zariya da a taɓa shanunki da ke ƙauyen Kara. Na fahimce ki. Daga karsanar da kakanki ya ba ki ranar suna suka yaɗu, kuma mahaifiyarki ce ta hana a sayar da ko ɗaya, har shekarar da hatsi ya gagara. Duk sati da kanta take zuwa rugar Sajo makiyayi ta duba su. Sai dai akwai abin da ba ki ji ba. A gadon asibiti ta ce mini shanun nan na karatunki ne, kada in bari a mai da su abin tunawa da ita.

Na tambayi liman, ya ce dukiyarki ce, ba gado ba, kuma a shari'a ba ni da ikon sayar da ko ɗan maraƙi sai da izininki. Saboda haka roƙo nake yi, ba umarni ba. Ki rubuto izinin da hannunki, ki sa kwanan wata, kafin a rufe rajista.

Jiya na je na ga shanun. Tsohuwar farar nan mai karyayyen ƙaho ta zo tana shinshinar hannuna, sai Sajo ya ce dusa take nema, Hajiya ba ta taɓa zuwa hannu wofi ba. Ita kaɗai nake roƙon ki cire daga cikin izinin. Ta tsufa da kasuwa, ni kuma ina bukatar inda zan riƙa zuwa.

Ki gaishe da Malam Ja'afaru, da Ahnaf da Ummu Hani. Gwaggonki Altine ta Masanawa tana gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki mai jiran amsarki,
Mijinyawa Halilu Gwarzo