Ƙullin ƙasar sawunka ya jiƙe

Zuwa ga maigidan Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a Ikko, ina sanar da kai takardarka ta iso Tsarnawa wata bakwai da suka wuce. Wata ba ta biyo bayanta ba. Wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

Ka sa aka rubuto mini da Ingilishi, alhali ka san Faransanci na karanta. Sai da na je Ƙonni wurin malamin kwaleji. Ya ce ka samu aiki a jiragen ruwa, kuma kana “making headway”. Ya ce maganar matuƙa ce: jirgi yana keta ruwa yana yin gaba, ko da a hankali. Ana faɗinta ga wanda al'amarinsa ya fara tafiya bayan wahala. Na ce masa abin da ke tafiya bisa ruwa ba ya barin sawu, ina alfahari a nan?

Ka tuna ranar tafiyarka. Inna, kakarka, ta ce in ɗebi ƙasar sawunka na dama in ƙulle, wai ƙasa tana kiran mai ita. Na ce ban zauna aji don in yi camfi ba. Na share ƙofar gida a gabanta.

Ashe ta riga ni.

Allah ya yi mata rasuwa bayan Sallah. Da muke kwashe kayan ɗakinta da hantsi, na ga ƙullin tsumma rataye a jikin azara. Yana ɗiga. Shekara biyu ba mu ga ruwan kirki ba, rijiyar unguwa ta ƙafe, rufin ɗakin ƙayau yake. Na shanya shi a rana kwana uku, bai bushe ba. Na taɓa da harshe. Gishiri.

Ban gaya wa mahaifinka ba. Na mayar da shi inda na same shi, na ajiye ƙwarya a ƙarƙashi. Kullum sai na zubar.

In ci gaban ne ya hana ka rubutu, na yafe. Layi ɗaya ya ishe ni, da kowane harshe.

Kai ne ɗan farina, bakina bai taɓa kama sunanka ba. Yau hannuna zai kama. Mamman, ka sauko daga ruwan nan, ka taka ƙasa.

Allah ya tsare ka a tudu da ruwa, ya maido mini da kai da ƙafarka. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Madam Hajo