Na Duƙar Da Kai Zan Kashe Waƙa, Na Buge Ladaninmu

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin zagina, ni ma ban bar kaina ya huta ba.

Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Zariya. Maigidana ya canza mini mota da irin mai amfani da lantarki, wadda ba ta da abin murɗawa ko ɗaya. Rediyo, sanyi, komai sai an latsa wani allo kamar na waya. A tsohuwar motata hannuna kaɗai ke zuwa ya rage murya, idona na kan titi. Ranar nan ina dawowa daga Kwangila ina jin waƙa, na shigo layinmu sai na ji wani masallaci ya fara kiran La'asar. Tun ina ƙarama aka koya mini ba a barin kiɗa a kan kiran sallah. Na miƙa hannu, allon yana nuna taswira, na latsa, bai koma wajen waƙar ba, na duƙar da kai ina nema. Sai ji na yi gaban motar ya daki wani abu. Baba Ladan ne, ladanin masallacin layinmu, yana sauri ya tsallaka ya yi nasa kiran. Motar ba ta da ƙara, har yau ƙarar faɗuwarsa kawai nake ji, da waƙar da ba ta mutu ba.

A asibiti, ƙafarsa a ɗaure, shi ya riga ni magana. Ya ce, "'Yata, bar kuka. Laifina ne, ban ji tahowarki ba, kunnen ya tsufa. Ai na san idonki na kan hanya." Na ɓoye musu cewa allon nake kallo. Maigidana ya ce, "Ƙaddara ce, Baba." Wace irin mace ce ke karɓar ban haƙuri daga wanda ta karya?

Yanzu ƙafar ta warke, amma 'ya'yansa sun hana shi fita. Sun ce tunda ba ya jin mota, ya daina tsallaka titi, an ba wani ladancin. Da na je gaishe shi na tarar da shi a zaure, lokacin sallah na yi yana motsa leɓe, yana bin kiran wani. Ya ce mini, "Kullum ina sa ki a addu'a, na tsorata ki." Wallahi kunya ta kusa kashe ni.

Duk kiran sallar da na ji da baƙuwar murya, sai na tuna da shi a zauren nan. Idan na faɗi gaskiya, da wane ido maigidana da mutanen layi za su dube ni? Idan na yi shiru, bawan Allahn nan zai mutu yana zaton kunnensa ne ya raba shi da masallaci, alhali kunnensa lafiya lau.

Jama'a, me zan yi?