Na bar tsohuwar saba a kunne har aka sallami wanda ya koya mini aiki

Assalamu alaikum Anti mai wannan fili, da duk masu karatu. Don Allah kada a buga sunana, kuma kafin kowa ya tsine mini ya daure ya karanta har ƙarshe. Ba wanke kaina na zo yi ba, na san abin da na aikata.

Ni mace ce, ina aikin kwamfuta a wata cibiya mai zaman kanta a Samaru, inda ake gwajin jini ana ajiye bayanan marasa lafiya. Mu biyu ne a sashenmu, ni da shugabana, wani dattijo ɗan Kudancin Kaduna da ke zaune a Sabon Gari. Zan kira shi Baba Ishaya, ba sunansa ke nan ba. Shi ya koya mini komai, har yadda ake matse kan kebul, kuma 'yata yake kirana. Amma da aka ba cibiyarmu gurbin kwas a Legas, darakta ya ambaci sunana, sai Baba ya ce a gabana, "Yarinya ce, ba ta nuna ba tukuna." Na yi murmushi na haɗiye, amma maganar ta tsaya mini a ƙirji.

Bara masu tallafa mana suka aiko da sabuwar saba, wato babbar na'urar da duk kwamfutocin ofis ke ɗauko bayani daga cikinta. A cikin tsohuwar akwai wasu kwamfutoci huɗu marasa jiki, manhaja ce ke riƙe da su, ɗaya ta rajista, ɗaya ta sakamakon gwaji, da sauransu. Ranar wata Asabar muka kwafe su zuwa sabuwar, komai ya tashi lafiya. Baba ya miƙo mini makulli ya ce in kashe tsohuwar in kulle ta a sito. Ni kuwa da na kai ta, sai na jona mata wuta da kebul ɗin bango, wai zan riƙa gwada hannuna a ɓoye har in nuna masa na nuna. Ban yi tunanin kwamfutocin nan huɗu za su tashi tare da ita ba, ɗauke da lambobin adireshi iri ɗaya da na sababbin.

Ranar Litinin netwok ya rikice. Mai rajista za ta buɗe fayil, ya buɗe, an jima ya ƙi. 'Yan ɗakin gwaji su shigar da sakamako, likita ya duba ya tarar babu. Sai ranar Laraba na gane: gida biyu ne lamba ɗaya, saƙo wani lokaci ya shiga sabon, wani lokaci ya faɗa tsohon da ke sito. Wallahi na shiga siton da niyyar kashe ta, hannuna na kan maɓallin, sai na jiyo muryar darakta ta bango yana ce wa Baba, "Idan aikin zamani ya fi ƙarfinka, ka faɗa, akwai matasa." Anti, sai na janye hannuna. Me ya shiga raina a wannan minti? Wace irin zuciya ce ke jin ana wulaƙanta dattijo ta ji sanyi?

Da yammar ranar Baba ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce, "'Yata, kin dai kashe tsohuwar ko?" Na ce, "Na kashe, Baba." Ya gyaɗa kai, bai ko nemi makullin ba. Da a nan na tsaya da sauƙi. In ya hau acaɓa ya tafi kasuwar Sabon Gari sayen kebul, sai in kashe ta, netwok ya daidaita, kowa ya ga ni ce a kujera. In na hango shi ya dawo, in kunna. Mako uku muka yi haka. Mutumin da ya kusa sittin ya hau silin yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya sake matse kan kowane kebul, ya canza akwatin da wayoyin ke haɗuwa, ya rubuta wa waɗanda suka aiko na'urar cewa katin netwok ɗinta ne ya lalace, suka amsa cewa lafiyarsa lau. Ni ke riƙe masa tsani. Akwai wata mata da ta kawo ɗanta daga Shika, sau uku ana ɗibar jinin yaron saboda sakamakon na ɓacewa. Na ji tana cewa, "Ku ji tsoron Allah, jinin nawa ne a jikinsa?" Na wuce ta, kaina a ƙasa, kuma ban kashe na'urar ba.

Aka sallami Baba, aka ce ya je ya huta. Washegari na kashe tsohuwar, na kwaso sakamakon da suka ɓace, aka yi ta sa mini albarka, aka ba ni kujerarsa, har Legas ɗin na je. Bayan wata biyu Baba ya faɗi a harabar cocinsu, ɓarin jikinsa ya shanye. Ban san ko ni ce sila ba, amma wa zai rantse mini cewa ba ni ba ce?

Ina zuwa duba shi. Matarsa, Mama, takan tarbe ni tana cewa duk ofis ni kaɗai ce 'yar halak, ta zuba mini abinci, ni kuwa kamar ƙasa nake taunawa. Maganarsa ba ta fita sosai, amma duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni, "Mene ne ya lalace?" Na taɓa ce masa wani kebul ne. Ya girgiza kai ya ce, "Na gwada su duka." Shekaranjiya Mama ta ja ni gefe ta ce yana zama yana kuka, wai tun kafin ya faɗi, kansa ya taɓu bai sani ba, wai shi ya sa aka yi ta huda yaran mutane. Ya daina yarda da kansa, ko maganinsa ba ya sha sai ta karanta masa sunan sau biyu. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki zo ranar Asabar ki zana masa a takarda yadda kika gyara, ko hankalinsa zai kwanta." Na ce to.

Anti, mutumin nan ya san aikinsa. Duk ƙaryar da na zana zai gane ta, ko kuma ya ƙara tabbata cewa kansa ne ya lalace. In na zana gaskiya, layi biyu sun ishe shi ya san wadda ta yi masa haka, kuma likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Na yi istigfari har na gaji, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Yau Alhamis. Me zan yi?